Gyaran filin makaranta da hannun ɗalibai: daga ina za a fara?

Tambaya ce daga wani malamin ƙaramar sakandare. A gaban azuzuwansu akwai fili fetal, ƙura idan an yi rana, taɓo idan an yi ruwa. Yana son ɗalibansa su 40 su gyara wurin da hannunsu, su koyi aiki tare, su kuma fita da abin da za su iya yi da kansu. Ya ce daga ina zai fara, me kuma zai tanada?

Malam, kafin ka sayi ko da shebur ɗaya, zauna da shugaban makaranta ku warware abu biyu: daga ina ruwan ban-ruwa zai fito, kuma wa zai shayar da shuka idan an tafi dogon hutu. Yawancin irin waɗannan ayyuka ba a ranar shuka suke lalacewa ba. Ranar shuka kowa na da kuzari. Bayan mako 6 ne ake gane ko an yi shiri, lokacin da ɗoki ya wuce, aka bar buta a rataye.

Don haka ruwan da kake da shi ne zai yanke girman aikin, kuma lissafinsa shi ne darasin farko da za ka ba yaran. Ruwa milimita 1 a kan murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. Komin furanni ko kayan lambu na buƙatar kimanin lita 25 a kowane murabba'in mita a mako, kuma idan ana zafi ko ƙasar rairayi ce, ninka shi. Sabuwar bishiya na son lita 10 zuwa 15 a kowane shayarwa: kullum a mako 2 na farko, sannan bayan kwana 2 ko 3 har ta cika wata 3, daga nan sau ɗaya a mako har ta kama ƙasa sosai. A ce kun dasa bishiya 8, kun yi komi 8, kowanne mita 1 a faɗi, mita 2 a tsawo. Bishiyoyin za su sha lita 360 a mako idan ana ba kowace lita 15 sau 3, komayen kuma lita 400 zuwa 800. Da buta mai cin lita 10, wannan buta 76 ne zuwa 116 a mako. Idan ka raba wa rukuni 8, kowane rukuni zai ɗauki buta 10 zuwa 15. Yara za su iya wannan ba tare da sun gaji da aikin ba. Idan ka ga lissafin ya fi ƙarfin ruwanku, rage komaye, ka bar bishiyoyi, domin su ne za su daɗe bayan waɗannan yaran sun gama makaranta. Idan rufin ajin na kwano ne, ku auna shi ma: rufi mai murabba'in mita 50 na tara kusan lita 800 daga ruwan sama na milimita 20, bayan an cire abin da ke zubewa. Tankin da za a tara ruwan dai ya kasance a rufe ruf, saboda sauro da kuma ƙananan yara.

Makon farko ba a haƙa komai. Kallo ake yi da awo. A ba yara tef na awo da takarda su zana taswirar filin, santimita 1 a takarda ya tsaya a madadin mita 1 a ƙasa. Su nuna inda inuwa take da safe, da tsakar rana, da lokacin tashi. Su nuna inda ruwa ke kwanciya. Su nuna hanyar da ƙafafun mutane suka riga suka fitar, domin idan kuka yi komi a kanta, tattake shi za a yi ko da kun kafa allon gargaɗi goma. Kai kuma ka binciko inda bututun ruwa, wayar lantarki ta ƙarƙashin ƙasa da ramin masai suke, ka sa musu alama a taswirar da jan biro. Diga ba ta tambaya kafin ta fasa bututu.

A makon ne kuma za a gwada ƙasa, da gwaji biyu masu sauƙi. Na farko: a zuba ƙasa a kwalba mai faɗin baki har kashi ɗaya cikin uku, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti 1 ko 2, laushin ƙasa cikin kamar awa 2, yumɓu kuma sai ya kwana ɗaya ko biyu. Yara su sa alama a jikin kwalbar, su auna kaurin kowane hawa da rula. Na biyu: a haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa a bari ya tsotse, a sake cikawa, a auna yadda ruwan ke sauka a awa. Idan bai kai santimita 2 da rabi a awa ba, ƙasar na riƙe ruwa, sai a ɗaga komayen sama da ƙasa da kamar santimita 20. Idan kuwa ya ɓace nan take, rairayi ne, taki da busasshiyar ciyawar rufe ƙasa zai sha da yawa.

Yanzu batun aiki tare, wanda shi ne mutane suka fi ɗauka da sauƙi. Tara yara 40 a fili a raba musu fartanya ba ya koyar da haɗin kai. Abin da za ka gani shi ne biyar na zufa, goma na riƙe da ƙota suna hira, sauran na neman inuwa. Ba lalaci ba ne kawai. Wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa, Maks Ringelman, ya auna ƙarfin mutane wajen jan igiya, ya wallafa sakamakon a 1913: duk lokacin da aka ƙara yawan masu ja, ƙarfin da kowane mutum ke bayarwa raguwa yake yi. Idan ba a iya bambance aikin mutum a cikin taro, sai ya sassauta. Maganinsa shi ne ƙananan rukunai da aiki mai suna. Raba su biyar-biyar, kuma kai za ka raba, kada ka bar abokai su zaɓi juna, don za a bar wasu a gefe. Kowane rukuni na da bishiyarsa ɗaya da kominsa ɗaya, da lambarsa a jikin turke. A cikin rukunin akwai mai awo, mai rubuta abin da aka yi, mai karɓo kayan aiki ya ƙirga ya mayar, da biyu masu aikin ƙarfi. Kowane mako a juya. Wannan juyawar ka riƙe ta da gaske, domin idan ka saki, kafin wata ya ƙare manyan yara sun mallake diga da baro, an bar wa 'yan mata da ƙanana shara da ɗiban ruwa, mai kyan rubutu kuma ya maƙale wa littafi bai taɓa ƙasa ba. Ɗalibin da ke amfani da keken guragu ko sanda, a yi masa komi mai tsayin santimita 60 zuwa 75 a bakin hanya, ya yi shuka da hannunsa kamar kowa.

Abin da ya fi komai ɗaure yara da juna shi ne aikin da na wani ke jiran na wani. Hanyar bulo ta dace da wannan ƙwarai. Rukuni na ɗaya ya ja igiya ya kafa turaku, na biyu ba zai fara haƙa ba sai ya sake auna aikin na ɗaya ya sa hannu a littafi cewa ya karɓa. Na uku, masu zuba tsakuwa, su duba zurfin ramin kafin su karɓa. Ranar da masu jera bulo suka tarar hanya ta karkace saboda masu igiya sun yi gaggawa, kada ka gyara musu, kuma kada ka yi faɗa. Tsayar da aikin, ka ce su gano inda kuskuren ya shigo, su yanke shawarar yadda za a gyara. Minti 20 da za a ɓata a wannan gardamar sun fi darasin mako guda a kan allo, don a nan ne yaro ke koyon ya ce wa ɗan'uwansa "awonka bai yi ba" ba tare da zagi ba, shi kuma ya karɓa ba tare da fushi ba.

Ga yadda ake fitar da kusurwa madaidaiciya ba tare da wani na'ura ba. Daga turken kusurwa, a auna mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗaya gefen, sannan a matsa igiyar har tazarar da ke tsakanin alamomin biyu ta zama mita 5 cif. Ga ƙaramin komi, santimita 60, 80 da 100 sun wadatar. Bayan an kafa turaku huɗu, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. Idan tsawon bai zo ɗaya ba, siffar ta karkace. Ka gayyato malamin lissafi ranar nan. Gangara kuma ana auna ta da siririn tiyo wanda ake ganin ruwa a cikinsa, mai tsawon mita 8 zuwa 10. A cika shi da ruwa, a fitar da kumfar iska duka, don kumfa ɗaya na iya ɓata awon. Yaro biyu su riƙe bakunansa a jikin turaku biyu: inda ruwan ya tsaya a nan da can, tsayinsu ɗaya ne. Ƙasar da ke jikin bangon aji dole ta gangara waje, aƙalla santimita 2 a kowace mita, kuma an fi so a samu santimita 15 a mita 3 na farko. Kada a jingina komi da bango, damshi zai ci ginin.

Ita hanyar, faɗin mita 1.2 ya isa mutum biyu su wuce ko baro ya bi. A haƙa zurfin santimita 19 ko 20, a daddaɓe ƙasan, a zuba tsakuwa santimita 10 a hawa biyu, ana yayyafa ruwa ana daddaɓe kowane hawa. A bi da yashi santimita 3, a baje shi da miƙaƙƙen katako, kada kowa ya taka. Sai a jera bulo, a buga shi a hankali da gudumar roba ko guntun katako, a share busasshen yashi ya cike tsakankaninsu. Idan bulon santimita 20 ne da 10, guda 50 ke rufe murabba'in mita. Hanya mai tsawon mita 10 za ta ci 600, a ƙara 50 saboda fashewa da yanka. Tsakuwa lita 1,200 ce a lissafi, wato baro 18 zuwa 19 idan baron na cin lita 65, amma a tanadi kamar 22 domin tana zama idan an daddaɓe. Yashi baro 6. Abu biyu ke kashe irin wannan hanya: rashin daddaɓe tsakuwa, sai ta lotsa bayan ruwan farko, da rashin tokare gefe, sai bulon bakin ya riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. A binne layin bulo a tsaye a kowane gefe, a danne bayansa da ƙasa. Hanyar ta ɗan karkata gefe ɗaya da santimita 2 don ruwa ya sauka. Amfanin wannan tsari shi ne babu siminti a ciki: idan an yi kuskure a cire a sake, kuma ɗanyen siminti na cin fatar hannu, bai kamata yara su dama shi ba.

Dashen bishiya shi ne inda ake yawan yin kuskuren da ba a gani sai bayan shekara. Ramin ya fi dunƙulen ƙasar da ke cikin ledar faɗi sau 2 ko 3, amma kada ya fi shi zurfi. Mutane na son zurfafa rami don suna ganin gata ne, alhali binne wuyan bishiya, wato inda gangar jiki ta haɗu da saiwa, ruɓar da ɓawon yake yi a hankali. A ɗora sanda a bakin ramin a gwada: wuyan ya zo daidai da sandar ko ya ɗan fi ta. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya. Idan saiwoyi sun nannaɗe kamar gammo a gindin ledar, a warware su da yatsa ko a yanke su, in ba haka ba za su ci gaba da zagaye har su shaƙe bishiyar. A mayar da ƙasar da aka haƙo, a danna da tafin hannu, a zuba ruwa ya zaunar da ita. Ɗanyen kashin dabba ba ya shiga ramin, ƙone saiwa yake yi. A yi ɗan kewayen ƙasa mai faɗin mita 1 don ya tare ruwa, a rufe cikinsa da busasshiyar ciyawa ko ganye mai kaurin santimita 5 zuwa 8, a bar tazarar tafin hannu tsakanin ciyawar da gangar bishiyar saboda ruɓa da gara. Idan akwai iska, a kafa turke a ɗaure da tsumma mai faɗi, sako-sako, yadda bishiyar za ta ɗan yi rangaji, a kwance bayan shekara. Waya ko siririyar igiya shiga jikinta take yi. Idan dabbobi na shigowa makarantar, kariyar ta riga dashen zuwa. Akuya ɗaya ta isa ta gama da aikin zango guda kafin a tashi daga darasi. A yi dashen da yamma ko ranar da ake lumshi, kuma a farkon lokacin ruwan sama idan kalandar makaranta ta ba da dama.

Babbar bishiyar inuwa ta yi nesa da bango da mita 6 zuwa 10, ta kauce wa ƙarƙashin wayar lantarki da kusa da ramin masai. Zaɓi irin da ka ga yana rayuwa a yankin ba tare da ana lallaɓa shi ba. Akwai kuma waɗanda ba sa shiga makaranta ko da kyauta aka ba ku: zurma da bini-da-zugu, 'ya'yansu guba ne, zaƙami ma haka, tinya da tumfafiya kuwa ruwan farin da ke fita daga jikinsu na cutar da ido.

Komaye kada su wuce mita 1 a faɗi, don hannun yaro ya kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da ya taka ciki ba. A sassauta ƙasar zurfin santimita 25 zuwa 30, a gauraya ruɓaɓɓen taki kamar bokiti 1 ko 2 a murabba'in mita. Takin kuma ku yi naku daga sharar makarantar: kashi 2 ko 3 na busasshen ganye, kashi 1 na ɗanyen ciyawa da ɓawon kayan lambu, a tara tsibi mai mita 1 ta kowane gefe. Damshinsa ya zama kamar tsumman da aka matse. A soka sanda a tsakiya. Bayan kwana 3 ko 4 idan aka zaro ta za a ji ta da zafi, alamar aiki na tafiya. Idan tsibin na wari, ruwa ko ɗanyen ganye ya yi yawa, a ƙara busasshe a juya. Idan ya yi sanyi bai canza ba, ya bushe ne ko ya yi ƙanƙanta. Ana juya shi duk mako 2, ya nuna cikin wata 2 zuwa 3. Leda, nama da mai ba sa shiga. Idan za ku shuka abin da za a ci kuma kuka sa kashin dabba da bai ruɓe ba, a bar kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin duk abin da ke taɓa ƙasa.

Kayan aiki ba sai kowa ya samu nasa ba. Ga rukuni 8: shebur 8, fartanya 8, manjagara 4, diga 2, baro 2, buta 8, tef 4, igiya da turaku. A rubuta lamba a kowace ƙota, a ƙirga a farko, a ƙirga a ƙarshe. Mai sara da diga ko fartanya a ba shi tazarar mita 2 ta kowane gefe. Manjagara a ajiye haƙoranta na kallon ƙasa. Takalmi rufaffe, ruwan sha a kusa, wanke hannu da sabulu bayan aiki, kuma duk wanda ƙarfe ya yanka a wanke ciwon, a kai shi a duba batun allurar tetanus. Maganin ƙwari ba aikin ɗalibi ba ne. Darasi mai minti 40 ba ya isa, rabinsa zai tafi a fito da kaya da mayarwa. Nemi darasi biyu a haɗe sau ɗaya a mako, ban-ruwa kuma minti 10 da safe kafin shiga aji.

Abu ɗaya da nake roƙonka da shi: kada wannan fili ya zama wurin horo. Ranar da aka ce wa wanda ya makara ya je ya cire ciyawa, ranar ce yaran za su fahimci cewa aikin ƙasa na masu laifi ne, kuma duk abin da ka gina a zuciyarsu zai rushe. Ka sanar da sauran malamai wannan tun kafin a fara.

Wajen ba da maki, raba shi biyu. Rabi na rukuni ne: bishiyarsu na raye, littafinsu cike yake, kayansu sun cika. Rabi na mutum ɗaya: ka kira ɗalibi ba tare da sanarwa ba, ka miƙa masa igiya da tef ya fitar da kusurwa, ko ya lissafa ciyawar da za ta rufe murabba'in mita 10 da kaurin santimita 7. Amsar lita 700 ce, kusan baro 11. Idan sun san kowa za a iya kira, su da kansu za su koya wa wanda ke baya.

Sai hutu. Ka tsara komaye yadda za a girbe ko a gama da su kafin dogon hutu, a rufe su da ciyawa mai kauri a bar su su huta, ruwan da ake da shi ya tafi ga bishiyoyi kawai. Kusa da kowace bishiya, kamar taku ɗaya daga gindinta, a binne tukunyar ƙasa marar fenti har wuya, a cika ta da ruwa a rufe bakin. Ruwan na tsattsafowa ta jikinta a hankali zuwa saiwa, sai a riƙa cika ta sau ɗaya ko biyu a mako gwargwadon girmanta da zafin gari. A gwada wannan mako 2 kafin hutu don a san kwana nawa take ɗauka kafin ta ƙare. A rubuta jadawali da sunan babban mutum ɗaya da ya amince zai buɗe ƙofa da famfo, da ɗaliban da ke kusa waɗanda iyayensu suka yarda a rubuce. Ranar da aka dawo, kowane rukuni ya auna tsayin bishiyarsa da kaurinta ya rubuta. Wadda ta mutu a tono ta a gaban kowa a duba saiwar: idan baƙa ce mai laushi da wari, ruwa ya yi mata yawa ko an binne wuyanta; idan ta bushe ƙayau, ƙishi ne; idan an cinye ɓawonta, gara ce. A rubuta dalilin a littafin, a dasa wata a ramin, kuma littafin ya bi bishiyar zuwa hannun ajin da zai gaje ta.